Babi Na Shida: Mai Hoto Da Abin Da Za A Tambaye Shi

A masallacin Juma'ar unguwarmu, ranar da aka ɗaura auren ƙanena, aure 6 aka ɗaura a zama ɗaya. Ana sallame salla ladan ya karɓi lasifika ya ce masu ɗaurin aure su matso gaba. Wanda ya saba halartar irin wannan ya san saurin abin: wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya ce ya bayar, a faɗi sadaki a ce lakadan ne ko ajalan, jama'a su shaida, liman ya yi addu'a a shafa. Kafin ka gyara zaman hularka an kira na gaba. A lokacin mai hoton da muka ɗauka yana waje, yana ta jera ango da abokansa a jikin mota. Da ya ji hayaniya ya kutsa ciki da gudu, ya durƙusa ya yi aikinsa tsakaninsa da Allah. Bayan mako 5 ya kawo mana kyawawan hotunan wasu dattawa da ba mu taɓa gani ba, suna musafaha suna murmushi. Auren wasu ne. Baffanmu da ya taso tun daga Gumel ya karɓi auren, ko hannun rigarsa bai fito ba.

Mun yi masa faɗa, amma da na zauna na yi tunani sai na ga rabin laifin namu ne. Babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa cewa a wajen ɗaurin aure ango ɗan kallo ne, masu aikin su ne wakili da waliyyi. Babu wanda ya nuna masa fuskokinsu. Abu ɗaya muka tambaye shi ranar da muka je shagonsa, shi ne nawa zai yi mana, kuma a kan wannan muka ɓata kusan awa ɗaya muna ciniki.

Duk sauran masu hidimar biki, ranar bikin ko kafinta ake ganin aikinsu. In shinkafa ta yi gishiri a wajen za a sani, in tela ya ɓata ɗinki akwai damar mayar masa kafin ranar. Mai hoto kuwa sai an watse, an kwashe rumfa, baƙi sun koma garuruwansu, sannan ake sanin abin da ya yi, kuma a lokacin babu gyara. Ba a sake ɗaura aure don kyamara ta sami abin ɗauka. Saboda haka duk wata tambaya da za a yi masa, kafin a ba shi kafin alƙalami ne take da amfani.

Yawancin mutane yanzu a Instagram suke zaɓen mai hoto. Ba laifi a fara daga can, amma a tuna cewa shafin mutum tallarsa ce, kuma babu mai talla da ke ɗora ruɓaɓɓen tumatir a saman faranti. Wanda ya ɗauki hoto 2,000 a biki ɗaya, ko makaho ne zai sami guda 10 masu kyau. Ku ce masa: “Malam, muna so mu ga biki ɗaya cikakke, daga kamu har kai amarya.” A nan za ku ga yadda yake yi in wuta ta ɗauke, da yadda yake yi a ƙuntataccen ɗaki mai ƙwan lantarki ɗaya, da ko yana ganin tsofaffi da yara ko kuwa idonsa a kan ƙawayen amarya kawai yake tsayawa. In ya fara kame-kame, ko ya ce duk suna cikin wata kwamfuta da ta lalace, kun sami amsarku. Sai kuma ku nemi wani gida da ya yi wa aiki wata 6 ko shekara da ta wuce, ku tambaye su yaushe ya kawo aikin, kuma sau nawa suka kira shi kafin ya kawo. Waɗanda aka yi wa aiki makon jiya ba za su iya ba ku wannan labarin ba, su ma jira suke.

Tambaya ta biyu, wadda mutane ke jin nauyin yi: shi da kansa zai zo, ko yaronsa zai turo? Bukukuwanmu a cunkushe suke a wasu lokuta na shekara, musamman watannin Rajab da Sha'aban kafin azumi, da bayan sallar layya, da hutun Disamba. A irin wannan lokaci mai hoton da ya yi suna yakan karɓi biki 3 a Asabar ɗaya. Ya leƙa na gidan da ya fi biya, sauran ya raba wa yara. Wani yaron ma ya fi maigidansa hannu, wannan gaskiya ne. To amma in shi zai zo, aikinsa ya kamata a nuna muku, kuma da shi ya kamata ku zauna. Ku tambayi mutum nawa ne za su zo, wane ne zai riƙe hoto, wane ne zai riƙe bidiyo. Mutum ɗaya da ya ce zai haɗa biyun, ɗaya zai yi da kyau, ko ma ya ɓata duka.

Yanzu maganar haske, domin hoto haske ne. Ɗaurin aurenmu yakan kasance da ƙarfe 11 na safe ko bayan Juma'a, lokacin da rana take tsakiyar ka. Maza kuma farar shadda suke sawa, an buga ta tana ƙyalli. Farar riga da baƙar fata a tsakar rana, wannan ita ce jarrabawar mai hoto a ƙasar Hausa. In ya auna hasken da riga, fuska ta yi duhu, idanu su faɗa cikin inuwa. In ya auna da fuska, riga ta ƙone ta zama farin fili, aikin da aka biya mai ɗinki kuɗi mai yawa ya zuba a wuyan babbar riga ya ɓace gaba ɗaya. Ku duba hotunan ɗaurin aure a cikin aikinsa na baya, ku ga ko ana ganin zaren aiki a jikin riga kuma ana gane fuskar mai ita. Wanda ya ƙware zai nemi inuwa, ko ya taimaka wa fuskar da fitilar kyamara ko da rana ce. A ɗakin taro kuma matsalar daban ce: masu ƙawata wuri suna son fitilu masu launi, shuɗi da shunayya, waɗanda ke mayar da fatar mutum kamar an tsoma shi a marina. Ku tambaye shi ko ya taɓa aiki a wannan wurin, kuma da fitilarsa zai zo ko da ta wurin zai dogara. Mafi daɗin hasken yini shi ne na bayan la'asar sakaliya, kuma a Kano cikin Disamba rana takan faɗi wajen ƙarfe 6. Amaryar da aka gama yi wa kwalliya ana kiran magariba ta rasa shi.

Daga haske sai gyara, kuma a nan ina da ra'ayi mai zafi. Akwai wata al'ada da ta shigo ta goge fuska a kwamfuta har amarya ta tashi daga kamanninta. A share mata kowane layi na fata, a ƙara mata haske ninki biyu, a zare mata hanci, har kakarta ta karɓi hoton ta juya shi ta ce, “Wannan kuma 'yar wace ce?” Wasu amaren su ke nema, ban musa ba. Amma hoton nan shekara 30 zai yi a jikin bango, 'ya'ya za su taso suna kallonsa, kuma uwarsu suke so su gani. A gaya wa mai hoto tun farko iyakar gyaran da ake so. A cire ƙurji, a gyara launi, a bar mutum da kalarsa. Lallen hannu ma haka: ja ya fito ja, baƙi ya fito baƙi.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina shi ne amana. Ku duba inda mai hoto yake shiga. Ranar kamu da ranar sa lalle da yinin biki yana tsakiyar mata, a cikin gida, wani lokaci har ƙuryar ɗakin da ake shirya amarya. Wurin da mahaifin ango ba ya shiga, wurin da yayan amarya ma sai ya yi sallama ya jira. Mata a tsakaninsu sun ajiye mayafi, matan aure suna rawa domin sun san babu namiji, wata tana shayar da jariri a gefe. Shi kuma baƙo ne da aka sani makonni 2 da suka wuce, zai fita da duk wannan a cikin jakarsa ya tafi da shi gida. Tun zamanin kaset ɗin bidiyo ake samun matsala, amma kaset sai an ara hannu da hannu. Yanzu danna waya sau ɗaya ne. An sha jin rigimar gidan aure da ta tashi saboda miji ya ga matarsa tana rawa a TikTok a bikin da ya ba ta izinin zuwa, ita kuwa ba ta ma san an ɗauke ta ba.

Don haka a yi tambayar ƙarara: “Hotunan nan, za ka sa su a shafinka?” Kusan duk za su ce da haka suke samun kasuwa, kuma gaskiyarsu ce. Sai a daidaita. Wasu gidajen kan ce sam ba su yarda ba, wasu su ce a sa na ango da amarya kawai, bayan an nuna musu sun zaɓa, ban da na baƙi, ban da na cikin gida. Duk yadda aka yanke, a rubuta. Kuma doka tana bayan mai biki a nan. Dokar haƙƙin mallakar fasaha ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar asalin mallakar hoto a hannun wanda ya ɗauka, amma ta ce wanda ya sa aka ɗauka masa hoto ko bidiyo don amfanin kansa da iyalinsa yana da damar amfani da shi ba don kasuwanci ba, kuma yana da ikon hana a wallafa shi ko a yaɗa shi ga jama'a, sai in an yi yarjejeniya a kan akasin haka. Wannan togaciyar ta ƙarshe ita ce dalilin da zai sa ku karanta takardar da mai hoto ya miƙo muku kafin ku sa hannu, domin wasu sukan saƙa layi ɗaya a ƙasa da ke cewa kun yarda a yi talla da hotunanku.

Hanya mafi sauƙi ga gidan da ke da tsare-tsare ita ce a nemi mace mai hoto don shagalin mata. A da sai an sha wuya, amma yanzu a manyan garuruwa irin Kano da Kaduna da Abuja akwai mata da suka riƙi sana'ar, wasu kamfanonin ma da ma'aikata mata suke tafe saboda wannan buƙata. Sai dai a nan ma kada a tsaya rabin hanya. A tambaya wane ne zai zauna a gaban kwamfuta ya tace hotunan. In mace ce ta ɗauka amma samari 3 ne a shago za su yi kwana da kwanaki suna zuƙo fuskoki, ba a tsira da komai ba. Akwai kuma dattawa da malamai da ba sa son a ɗauke su ko kaɗan, da mata masu niƙabi. A nuna wa mai hoto su tun da wuri, kada ya je ya tsaya a gaban surukin gida yana ce masa ya ɗan yi murmushi.

Hoton kafin aure shi ma ya shiga wannan babin. Ba zan shiga muhawarar dacewarsa ba, malamai sun yi ta magana, kowane gida kuma da inda ya tsaya. Abin da zan ce kawai, ba kowace sa rana ce ke kaiwa ga ɗaurin aure ba. In aka fasa, kalanda da littafin rubutu da aka buga da fuskokinsu ana iya ƙonawa, amma wanda ya hau intanet ya tafi, kuma yarinyar ce ke ɗaukar nauyinsa. Mai hoton kirki ba ya sakin irin wannan sai an shafa fatiha.

Bari in ɗan ratse kan liƙi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, a sashe na 21, ta haramta watsa naira ko taka ta a wajen biki, hukuncin kuwa ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Shekaru da yawa ba wanda ya damu da ita, sai a 2024 hukumar EFCC ta taso da ƙarfi, har wata kotun tarayya a Legas ta ɗaure wani sananne wata 6 babu zaɓin tara. Hujjar da ake kafawa da ita a irin waɗannan shari'u bidiyon biki ne da aka yaɗa. Kawun da ya fito fili yana ruwan sababbin kuɗi a kan amarya bai san cewa mai bidiyon da kuka biya yana iya zame masa mai ba da shaida ba.

Kayan aiki ba sai kun san sunayensu ba. Canon ce ko Nikon ko Sony, wannan damuwarsa ce. Ku tambayi abu 3 kawai. Kyamara nawa zai zo da ita, domin in ɗaya ce ta faɗi, biki ya ƙare. Kyamarar tasa tana ɗaukar katin memori biyu ne, ta riƙa ajiye kowane hoto a wuri biyu lokaci guda? Kati yakan mutu ba sallama. Sannan in ya koma gida a daren, a wuri nawa yake kwafe aikin kafin ya goge katin ya tafi bikin gobe? Wanda ya san sana'arsa zai ji daɗin waɗannan tambayoyi. In ya ce zai tashi ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama, ku tuna gidajenmu tsakar gida a buɗe take, kuma maƙwabta ba su gayyaci kowa ya leƙa musu ba.

Kuɗi ba zan faɗi adadi ba, domin kafin littafin nan ya fito daga maɗaba'a farashin ya sauya. Abin da ba ya sauyawa shi ne inda rigima ke ɓullowa. Na farko lokaci. An rubuta ƙarfe 4 a kati, amarya ta shigo ƙarfe 8, mai hoto ya ce awa 5 aka yi da shi kuma tun 4 yake zaune. Wa ke da gaskiya? Shi ne, in dai ba a yi maganar ba. A ƙirga masa taruka ɗaya bayan ɗaya da sunansu da ranarsu da wurinsu, kamu, ɗaurin aure, walima, dina, kai amarya, buɗar kai, a kuma faɗi abin da za a ƙara masa in dare ya yi. In za a kai amarya wani gari, daga Katsina zuwa Zariya misali, a san wa zai biya mota da masauki. A sa shi da yaransa cikin lissafin abinci. Mutumin da ya yi awa 9 a tsaye da yunwa ba zai durƙusa neman kyakkyawan hoto ba. Sai maganar ɗage biki, wadda ba a so a ambata amma tana faruwa, rasuwa ko rashin lafiya: kafin alƙalami zai dawo, ko za a mayar da shi sabuwar rana? Kada a biya kuɗi duka kafin aiki ya zo hannu. A riƙe wani kaso mai ɗan nauyi, domin shi ne igiyar da za ta jawo albam ɗinku daga ƙarƙashin na mutane 20. Takarda ɗaya ta isa duk wannan, kowa ya sa hannu, a sami shaida. Mu Hausawa muna jin kunyar rubutu tsakaninmu, sai a ce ai an zama ɗaya. An zama ɗaya ɗin ne ke sa a daina gaisawa bayan biki.

Me za a kawo muku, kuma yaushe? A zamanin fim, nadi ɗaya hoto 24 ne ko 36, mai hoto yana lissafin kowane danni, kuma duk abin da ya ɗauka sai an wanke. Yanzu ana ɗaukar dubbai, a gyara kaɗan. Ku san guda nawa za a gyara, guda nawa za su shiga albam, wa zai zaɓa, kuma sauran da ba a gyara ba za a ba ku ko a'a. A sa ranar kawowa, da kwanan wata. “In sha Allahu ba zai jima ba” addu'a ce, a ƙara mata da rana. Kada ku yarda WhatsApp ya zama hanyar karɓar aikinku. Manhajar tana matse hoto ta rage masa nauyi sosai, a waya ya yi kyau, ranar da aka je wanke babba don jikin bango sai ya fashe. A ba ku cikakku a filashi, ku kuma ku kwafe su a wani wurin, ku ɗora wasu a ma'ajiyar intanet. Google na ba kowane mai asusu a wajensa gigabait 15 kyauta, ya isa zaɓaɓɓun hotunan biki.

Ku tambaye shi kuma tsawon lokacin da yake ajiye aikin mutane. Seydou Keïta, mai hoton nan na Bamako da ya buɗe shagonsa a 1948, ya adana dubban fina-finan da ya ɗauki mutanen garinsu da su, shi ya sa bayan shekaru fiye da 40 aka iya sake wanke su, aka baje kolinsu a Faris a 1994. Yawancin masu hotonmu na yau ba sa ajiye aiki ya shekara, wuri suke nema wa na gaba. Waya takan faɗa ruwa, filashi yakan ɓata a ƙaura daga gida zuwa gida. Shi ya sa har gobe nake cewa a wanke albam na takarda ko da ƙarami ne. Hoton auren iyayenmu da ya kai yau, a ƙasan akwati ya kai.

Saura abu ɗaya, wanda da mun yi shi, da Baffa ya fito a hoto. Kwana 2 ko 3 kafin biki a zauna a rubuta sunayen waɗanda dole ne a ɗauka: waliyyi, wakili, iyaye, kakanni, gwaggon da ta riƙe amarya tun tana yaye, ɗan'uwan da ya zo daga Maraɗi ko Kumasi wanda ba a san ranar sake ganinsa ba. Mai hoto bai san su ba, kuma ba a rubuce yake a goshinsu ba. Waɗanda suka fi kowa muhimmanci a biki galibi su ne ba sa turereniya a gaban kyamara. Masu anko za su nemi mai hoto da kansu, har su gaji da shi. Kaka kuwa tana can ɗaki a kan tabarma da carbinta, ba za ta fito ba sai an je. Saboda haka a ware mutum ɗaya a ɓangaren maza, ɗaya a ɓangaren mata, wanda ya san dangi kuma ba a ɗora masa wata hidima ba, aikinsa kawai ya riƙe takardar nan ya riƙa jan mai hoto yana nuna masa. Kada a ba uwar biki ko babbar ƙawa, su ranar ba sa jin kira.

Da aka zo auren ƙanwarmu bayan shekara 3, ni aka ba takardar. Na kai mai hoto sahun gaba tun kafin a tayar da salla, na nuna masa waliyyi, na gaya masa namu ne na 4 a jerin. Da yamma na raka shi ƙofar ɗakin Inna, na yi sallama na ce, “Inna, mai hoto ne, za a ɗauke ku da amarya.” Ta ce mu dakata. Muka tsaya a bakin ƙofa kusan minti 20, mai hoto yana ta duba agogo, ana ta kiransa a waya daga wajen taro, har ta gama neman mayafin da take so.